Haƙoran aksul da wutar inji: Karatun da akori-kurar gidanmu ta biya mini

Masu bibiyar wannan fili za su tuna cewa na yi alkawarin ci gaba da maganar tsadar takin zamani a wannan mako. Ku yi mini afuwa, na ɗage ta zuwa gaba. Yau gareji zan kai ku, domin wani abu ya faru a gidanmu wanda ya zaunar da ni kwana biyu a kan tsohuwar taya, a gindin wata darbejiya a Kafin Hausa, ina koyon abin da na daɗe ina zaton na sani.

Ranar wata Laraba da la'asar sakaliya ɗan yayana ya kira ni a waya. Tun kafin ya gama sallama na ji a muryarsa cewa ba lafiya ba. "Baffa, motar ta sake tafasa," in ji shi. "Ina tsakanin Bulangu da gari, ga buhu 18 na riɗin mutane a baya, ruwan da na riƙo kuma ya ƙare." Karo na uku ke nan cikin wata guda. A na farko an ce lagireto ne, aka wanke. A na biyu an ce gasket ne, aka canza. Kowane karo kuɗi ne ke fita daga aljihun da dama can ba shi da nauyi, masu kaya kuma sun fara neman wata motar a ɓoye, don babu ɗan kasuwar da zai so riɗinsa ya kwana a daji.

Motar da ake magana a kanta Fijo 504 ce akori-kura, haɗin Kaduna. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya saye ta ta hannu ba da jimawa ba bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991. Da ita aka ciyar da gida, da ita aka biya mini kuɗin jarrabawa, ita ce kuma ta kwashi kayan ɗakin ƙannenmu mata ɗaya bayan ɗaya. Da ya rasu, magada suka yarda kada a sayar da ita, daga baya aka damƙa wa wannan yaro makulli bisa sharaɗin duk mako zai kai wa kakarsa abin cefane. Saboda haka duk ranar da motar nan ta kwana a gareji, tukunyar tsohuwa ce ke jin jiki.

Irinta ba su ƙare ba a ƙasar Haɗeja. Wanda ya je kasuwar Gujungu, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ko ya tsaya a bakin hanyar Jahun da asuba, zai gan su jefi-jefi, bodi ya sha walda, ƙofa a ɗaure da igiya, amma suna tafe. Kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda aka kafa a 1972 ya kuma fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransawan da suka fito da ita a 1968 sun daina ƙera ta a ƙasarsu. Wannan ya sa kayan gyaranta suka yawaita, kanikawan da suka san cikinta kuma suka bazu har ƙauyuka. Sai dai kanikawan nan tare suke tsufa da motar.

Ciwon motarmu daga gidan mai ya faro. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Direba ba shi da ikon rage farashi, sai ya koma neman yadda zai rage wa motar sha. A tasha aka ba yaron nan shawara, irin wadda ake bayarwa kyauta a kan bencin mai shayi: ya canza aksul ɗin baya, ya sa "mai gudu". Aka ce masa inji zai daina ihu a kan kwalta, mai kuma zai riƙa kai shi nesa. Ya zo ya same ni, na ba shi rancen kuɗin, ban yi masa ko tambaya ɗaya ba. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka asirin yaro na zo tonawa. Ni da na yi makaranta, har na koyar da lissafi na wasu shekaru, ni ne na fi cancanta a tuhuma.

Bari mu leƙa cikin tulun nan da ke tsakiyar aksul ɗin baya. Ƙarfin inji yana bi ta giya, ya bi ta doguwar sandar da ake kira farfela, ya iso ga wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai haƙora. Shi kuma yana cizon wani babban faifai mai haƙora da yawa, wanda ke juya tayoyin baya. Kanikawa na kiran babban kirawun, ƙaramin kuma finiyan. Duk sirrin yana cikin adadin haƙoran nan biyu. A aksul ɗin motarmu na asali, kamar yadda wanda ya taɓa kwance shi ya shaida mini daga baya, babban yana da haƙora 39, ƙaramin yana da 8. Raba 39 gida 8, za ka samu 4.875. Ma'ana sai farfela ta juya sau biyar saura kaɗan kafin taya ta juya sau ɗaya. Wanda yaron ya sayo kuwa 37 ne da 9, wato 4.11: juyi huɗu da ɗan ɗoriya, taya ta zagayo.

Wanda ya taɓa tuƙa keke mai giya ya san wannan a ƙafarsa. Idan sarƙa tana kan babban faifan baya, feda ba ta da nauyi, kana hawa tudu cikin sauƙi, amma ƙafa tana ta wulwulawa tafiya ba ta sauri. Idan ka mayar da ita kan ƙaramin, taku ɗaya ya kai ka nesa, amma da zarar ka shiga rairayi sai ka sauka ka tura. Abin da ka samu a gudu, da ƙarfi ka biya shi. Aksul musaya kawai yake yi, ba ya ƙirƙirar komai.

Ga lissafin da ya kamata in yi tun ranar da aka zo rance. Tayar irin wannan mota tana cin ƙasa kimanin mita 2 a kowane juyi. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin mita 1,000 a minti, wato taya tana juyawa sau 500. A giya ta huɗu, inda inji da farfela ke juyawa kai ɗaya, tsohon aksul yana buƙatar inji ya yi juyi kusan 2,440 a minti, sabon kuma 2,055. Har nan masu shawarar tasha suna da gaskiya, ƙarar inji ta ragu. Abin da ba su faɗa ba shi ne ƙarfin da ke isa taya shi ma ya ragu da kashi 16 cikin 100. Kuma yaron bai tsaya nan ba. Da tayoyin baya suka ƙare, ya samu wasu na hannu da araha, dogaye, masu cin kimanin mita 2.2 a juyi. Doguwar taya kuwa aikin aksul mai gudu take yi a ɓoye. Da aka haɗa biyun, juyin inji a kilomita 60 ya sauko ƙasa da 1,900, ƙarfin turawa kuma ya zube da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Injin fetur mai lita 2 irin na Fijo yana ba da cikakken ƙarfin murɗawarsa ne a wajen juyi 3,000. An ɗauke shi daga inda yake da kuzari, an ajiye shi inda yake numfashi da ƙyar, sannan aka ɗora masa buhu 18, tsakanin tan ɗaya da rabi zuwa biyu gwargwadon cikar buhu, alhali tan ɗaya da 'yan kai aka ƙera motar ta ɗauka.

Da na zana masa wannan a ƙasa da tsinke, hujjarsa ɗaya ce. "Baffa, ai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Ba Jos ba ce, ba mu da hawa." A ido haka ne. Daga Kafin Hausa zuwa Auyo ko Haɗeja ba za ka ga abin da za a kira tsauni ba, sai ka doshi Dutse kake fara hango duwatsu. Amma na ce masa ya tuna sunan jihar da yake ciki. Jigawa ai tudun rairayi ke nan, rairayi kuwa shi ne hawanmu. Taya idan ta nutse a yashi, kullum ƙoƙarin fita take yi daga ramin da ita da kanta ta haƙa, wato hawa take yi ko da ido na ganin fili. Da damina kuma ga taɓon fadama. Akori-kura a bakin gona take lodi, ta bi burtali, ta bi hanyar burji mai ramuka, tana tsayawa tana tashi a kowane ƙauye. Kwalta sai a ƙarshen tafiya take samun ta.

Abin da ya biyo baya shi ne yaron ya koma zama a giya ta uku, domin ta huɗu ta daina jan kaya. Giya ta uku a wannan mota tana ninka juyi da kusan 1.4. Ninka 4.11 da 1.4, ka samu sama da 5.7. Ko an cire abin da doguwar taya ta rage, har yanzu ya fi 4.875 ɗin da ya gudu daga gare shi. Ya sayi aksul don ya rage juyin inji, ya ƙare da ƙarin juyi a mafi yawan tafiyarsa. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago. Ban ma yi maganar kuloci ba, wanda dole a riƙe shi rabi-rabi duk lokacin da za a tashi da lodi, har yaron mota ya saba da ƙaurinsa ya daina ji.

To ina ruwan duk wannan da tafasar lagireto? A nan ne ilimina ya ƙare, na buƙaci malami.

Akwai wani dattijo a garin wanda ya koyi aiki a Kaduna zamanin da Fijo ke tashe. Yanzu ido ya yi rauni, yaransa ne ke kwance-kwancen, shi yana zaune yana nuni da sanda. A wurinsa mahaifinmu yake gyara. Yaronmu ya daina zuwa, wai tsohon yana da jinkiri. Can muka ja motar da safiyar Alhamis.

"Baba, mun kawo maka motar amininka, ba ta da lafiya," na ce bayan mun gaisa.

Bai amsa ba. Ya sa aka tayar da ita, ya karkata kai yana saurare. Ya sa aka taka totur aka saki, sau biyu. Sannan ya dubi yaron. "Wa ya taɓa mata wuta?"

Sai labarin da ban taɓa ji ba ya fito. Bayan canza aksul, duk lokacin da ya taka motar da lodi a giya ta huɗu sai ta riƙa wata ƙara, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya tsaya a wani gareji a hanya, bakanike ya sassauta noti ɗaya, ya ɗan murɗa distiributa baya, ƙarar ta ɓace. Ya biya, har da godiya.

"Ƙara ta ɓace, zafi ya zo," in ji dattijon. "Jikana, motar nan kuka take yi tana gaya maka kaya sun fi ƙarfinta, kai kuma ka je aka toshe mata baki."

Ga bayanin, ga waɗanda ba su taɓa leƙa ƙarƙashin bonet ba. A cikin kowace silinda fistin yana hawa yana matse haɗin iska da fetur, fulogi ya ba da tartsatsi, haɗin ya kama da wuta ya tura fistin ƙasa. Amma wutar ba ta cinye haɗin nan take, tana buƙatar ɗan lokaci, inji kuwa ba ya jira. A juyi 3,000 a minti, yana zagaya digiri 18 cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa. Don haka dole a kunna wutar tun fistin bai kai ƙololuwa ba, domin ƙarfinta ya same shi daidai lokacin da ya fara gangarowa. Wannan shi ne abin da kanikawa ke kira taimin. Kamar mai tura yaro a lilo ne: idan ya tura tun lilon bai gama isowa ba, karo za su yi, idan ya bari ya wuce, iska zai tura. Wutar da ta yi sammako tana kawo waccan ƙara ta tsakuwa, kuma in aka daɗe a haka tana iya huda fistin. Wadda ta makara kuwa tana nan tana ci har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, sai zafin da ya kamata ya zama tafiya ya ƙare a kan inji da ruwa da salansa. Mota ta yi nauyi, direba ya ƙara taka totur, mai ya ƙara zurarewa, ruwa ya tafasa.

Ƙarar da yaronmu ya ji ba daga wuta ta samo asali ba. Inji idan yana ƙaramin juyi, totur a buɗe, kaya a baya, silinda tana cika maƙil tana zafi, sai sauran haɗin ya fashe da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iso gare shi. Maganinta a sauke giya, ko a rage kaya. Bakaniken hanya ya kashe ƙarar ta hanyar makarar da wuta, cuta ɗaya ta zama biyu, biyun kuma suka haifi wankin lagireto da sabon gasket waɗanda babu ruwansu da maganar.

Yadda dattijon ya gyara ya fi komai burge ni, domin bai fara taimin daga taimin ba. Da kwantak ya fara, 'yan ƙarafan nan biyu na cikin distiributa da ke buɗewa suna rufewa. Ya ciro ma'aunin tsaga daga aljihu, siraran ƙarafa kamar reza, ya sa aka daidaita tsagar a kan milimita 0.4. Ya ce kwantak yana da 'yar dunduniya da ke gogar sandar tsakiya, tana cinyewa a hankali, tsaga tana matsewa, wuta tana ƙara makara da kanta ba wanda ya taɓa ta. Wanda ya saita wuta kafin ya saita tsaga, aikin baban giwa ya yi.

Sannan ya aiki yaro ya ɗauko masa wani tsohon gwangwanin madara. A ciki akwai sandar ƙarfe mai kaurin milimita 8 da ɗan ƙwan fitila mai waya biyu. A injinan 404 da tsofaffin 504 akwai ɗan rami a jikin murfin kuloci. Ana zura sandar a ciki, a juya inji da hannu a hankali, har ta faɗa wata tsaga da aka yi a jikin fulawil. Inda ta faɗa, nan ne inda maƙera suka ce wuta ta tashi, kimanin digiri goma ko ƙasa da haka kafin ƙololuwa. Injinan da suka biyo baya alama aka yi musu a jikin fulin gaba, amma manufar ɗaya ce. Aka haɗa waya ɗaya ta ƙwan fitilar da wayar da ke zuwa kwantak, ɗayar da jikin inji, aka kunna makulli, aka riƙa murɗa distiributa sannu a hankali. Daidai lokacin da kwantak ya buɗe, fitila ta kama. "Ɗaure a nan," in ji shi. "Kuma ka cire sandar nan kafin wani ya murɗa makulli ya jawo mana wani aikin."

Na ɗauka an gama, ashe saura. Wancan saiti na inji mai tafiya a silo ne. Idan juyi ya ƙaru, dole wuta ta ƙara sammako, kuma abubuwa biyu ke yin wannan aiki. Na farko wasu 'yan ƙarafa ne biyu masu nauyi a ƙasan distiributa, waɗanda ke buɗewa idan juyi ya yi sauri su ja wutar gaba. Namu tsatsa da ƙurar hunturu sun riƙe su. Gwajin mai sauƙi ne: ka murɗa rota da yatsa, in ta ɗan tafi ta dawo da kanta, suna aiki. Tamu ko motsi ba ta yi ba. Na biyu wani ɗan faifai ne a gefe mai siririn tiyo da ke zuwa kafireto, wanda ke ƙara wa wuta sammako lokacin da mota ke tafiya ba nauyi, ƙafa a sassauce a kan totur. Wannan ɗan abu shi ne ainihin mai rage shan mai a kan kwalta. Da aka bi tiyon, sai aka tarar an yanke shi an toshe da ƙusa, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. Mun je Kano neman tsimin mai da kuɗin rance, alhali abin da maƙera suka sa don tsimin yana nan a toshe da ƙusar Naira biyar.

Ya kuma duba ɗaya taimin ɗin, wanda mutane ke rikitawa da na wuta, wato na sarƙar da ke haɗa kirankshaf da sandar da ke buɗe bawul. Sarƙa idan ta tsufa tana miƙewa, bawul su riƙa makara. Ya sa aka juya inji gaba, sannan baya kaɗan, yana tambayar yaro nawa fuli ya tafi kafin rota ta motsa. Ya ce akwai sako-sako amma za ta kai bayan kaka.

Washegari aka koma kan aksul, kuma a nan ne na koyi abin da nake so kowane mai mota ya riƙe. Ba sai an buɗe tulu ake sanin abin da ke ciki ba. A tare tayoyin gaba da dutse, a ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, a sa alamar alli a jikinta da jikin farfela, giya a firi. A juya tayar sau biyu cif, ana ƙirga juyin farfela. Adadin da aka samu shi ne lissafin aksul. Sau biyu ake juyawa domin idan taya ɗaya tana ƙasa, ƙananan haƙoran cikin tulu suna sa wadda ke sama ta ninka gudunta. Idan farfelar a cikin bututu take, ba a ganinta, sai a kwance fulogai, a sa giya ta huɗu, a ƙirga juyin fulin gaban inji. Ko a kasuwa aksul yake a yashe a ƙasa, mutum ɗaya ya riƙe gefe guda, wani ya juya ɗaya gefen sau biyu, a ƙirga juyin bakin da farfela ke shiga. Minti biyu ne da alli guda. Namu ya ba da huɗu da ɗan kaɗan, kamar yadda aka zata.

Kada a fahimce ni a baibai. Aksul mai gudu yana da mutanensa. Wanda aikinsa kai burodi ko kwalayen magani ne daga Kano zuwa Dutse, a kan kwalta tun daga farko har ƙarshe, kaya ba nauyi, zai iya ganin ragi a kuɗin mai, injinsa kuma zai huta. Tambayar da ya kamata mai mota ya yi wa kansa ita ce: a cikin tafiya goma, nawa nake yi da cikakken lodi, kuma nawa ne daga cikin hanyata rairayi ko burji? Wanda amsarsa ta rinjaya wajen lodi da rairayi, ya zauna a kan abin da ya kusa biyar. Waɗanda kuma ke shirin mayar da tsofaffin motocinsu masu amfani da iskar gas su lura: gas ya fi fetur jinkirin ci, yana son wuta mai sammako, kuma yana ɗan rage wa inji ƙarfi. Wanda ya haɗa shi da aksul mai gudu da makararriyar wuta zai zagi gas a banza.

Akwai wani ɓangare da ya fi kuɗi muhimmanci. Agogon gudu na wannan mota daga giya yake ɗaukar lissafinsa, bai san an canza aksul ko taya ba. A yadda motarmu ta koma, idan allura ta nuna 60, ainihin gudun ya kusa 78. Idan ta nuna 80, ya haura 100. Wannan a motar da birkinta na baya irin na ganga ne, kayanta sun wuce ƙa'ida, ranar kasuwa kuma akwai mutane zaune a kan buhuna. Da na yi wannan lissafi a gabansa, yaron ya yi shiru ya daɗe. Na san hanyar da yake tunawa, da yawan lokutan da shanu suka tsallaka masa ita.

Ba na cikin masu raina kunnen bakanike. Dattijon nan da kunne ya gano cutar kafin a taɓa noti ɗaya. Amma da ya zo gyara, sanda da fitila da ma'auni ya ɗauko. Yawancin yaran da ke tasowa a garejinmu sun gaji murɗa distiributa da kunne, ba su gaji gwangwanin madarar ba. Kunne kuwa a tsaye yake sauraren inji, ba kaya ba rairayi, inda kusan kowane saiti ke da daɗin ji. Fitilar duba taimin ta zamani, wadda ke nuna har yadda wuta ke ƙaruwa da juyi, kuɗinta bai kai abin da muka kashe a wata guda kan gyaran da ba shi ne ba.

A Kafin Hausa ɗin nan akwai Jami'ar Sule Lamido. A Haɗeja akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman, a Dutse akwai ta jiha. Ɗaliban da ke raba lamba da lamba a takarda, da yaran da ke riƙe da kirawun da finiyan a hannu, a unguwa ɗaya suke kwana. Ban ga abin da zai hana wani malami ya haɗa kai da ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta direbobi ta NURTW a fitar da takarda shafi ɗaya da Hausa, mai ɗauke da gwajin alli da jerin matakan saita wuta, a manna a kowane gareji da kowace tasha ba. Ni kaina na shekara da shekaru ina koya wa yara rabo da lemo da mangwaro, alhali 39 da 8 suna nan a bayan makaranta, shafe da baƙin mai, a hannun iyayensu.

Da za mu tashi dattijon ya tambayi yaron inda tsohon aksul ɗin yake, don a mayar. Ya sunkuyar da kai. Ya sayar wa 'yan gwangwan tun a makon da ya canza, a kan sikeli, kuɗin kilo. Tsohon bai ce komai ba, ya dai mayar da sandarsa cikin gwangwani ya rufe.

Kafin a samu wani, an mayar da gajerun tayoyi, an kuma yanke masa lodi a buhu 12, ya yi sahu biyu inda yake yin ɗaya. Sau huɗu ya je Bulangu ya dawo a makon nan bai ƙara ruwa ba, ranar Juma'a kuma kakarsa ta ga cefanenta. An ce mana akwai aksul biyu a wurin wani mai kayan gyara a Kano, kowanne mai shi na rantsuwa na akori-kura ne. Ranar Asabar za mu je ni da yaron, kuma allin yana aljihuna.